Gatarin da Bai Kwana a Ruwa Ba

Ni na goyi Nazarsho, saboda haka ba wanda zai zaunar da ni ya ba ni labarin halinsa. Shekara tara na ba shi. Innarmu ta rasu yana rarrafe, aka ɗora mini shi a baya ni ma ban gama sanin ciwon kaina ba, kuma tun daga ranar ban huta da shi ba, ga shi yau har furfura ta fara cin gemunsa. Sunana Gulbegim. In ka shigo ƙauyenmu Zarjui, can cikin duwatsu, ka tambayi gidan matar nan mai faɗa, ko akuya ka tara da ita za ta nuna maka ƙofa.

Da yana yaro surutu ne da shi kamar ya haɗiyi rediyo. Babanmu masassaƙi ne, shi yake fafe indararon katakon da ruwanmu yake bi ta jikin dutse, kuma shi kaɗai ne a duniya yake iya jure bakin Nazarsho daga safe har yamma. A nan ya ɗauki sassaƙa, ba don an zaunar da shi an koya masa ba, tsabar sa ido ne da tambayar da ba ta ƙarewa. Baba ya rasu, Nazarsho ya auri Oshurmo, wata baiwar Allah da sai ka yini da ita ba ka ji kalma biyar ba. Muka ce to, an haɗa daidai, shi ya yi ta zuba, ita ta yi ta ji. Suka samu 'yan mata biyu. Ni ma maigidana ya rasu, na tattara komatsaina na dawo gidan ubana. Daga nan ya bi sahun mazan garin zuwa Rasha aikin gini, shekara goma sha ɗaya yana kai da komo. Amma duk inda yake, da an yi Nauruz, bikin sabuwar shekararmu, ƙanƙara ta fara saki, sai ka gan shi a bakin ƙofa da jakarsa. Gayyar ruwa ba ta taɓa wuce shi ba.

Dole ma kada ta wuce shi. Mu a nan ruwan sama ba ya noma mana komai. Alkamarmu da dankalinmu da bishiyoyinmu duk daga magudana ɗaya suke sha, wadda kakanni suka jawo daga bakin ƙanƙarar da ke narkewa a kan dutse. Kowace shekara ana kwana uku ana gyaranta, kowane gida ya kawo namiji ɗaya da gatarinsa. Gidan da ya kasa, wani ya yi masa aikin, a yanke rabin ruwansa a ba wanda ya yi. Haka muka taso muka tarar. Rabin ruwa zai raya mana alkama, amma ba zai taɓa kaiwa ƙarshen gonarmu ba, inda bishiyoyin tut bakwai da Baba ya dasa suke tsaye, masu ƙananan 'ya'ya masu zaƙi da muke shanyawa. Garin busasshen tut ɗin nan shi ya fitar da mu daga hunturu sau ba adadi, lokacin da hanya ta toshe, buhun gari ya zama wayam. Rani ɗaya suka yi ba ruwa, sun tafi ke nan.

A shekara ta goma sha ɗaya ne aka bugo waya. Wani inji a wurin ginin ya cinye masa hannun hagu daga wuyan hannu. Ya dawo da kaka, muna cikin kwashe tut daga kan rufi, hannun rigarsa a naɗe an soke da fil. Na rungume shi ina kuka ina zaginsa, don ni ban iya ɗaya ba sai da ɗaya. Hannu kam mun san ya tafi. Abin da ba a gaya mana a waya ba shi ne bakin ma can ya baro shi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ka ce masa sannu ya ce yawwa, shi ke nan an gama hirar yini. Na tsokane shi ta kowace hanya. Na ce shayin da ya sha ba gishiri, mu da ba ma shansa sai da shi, na ce gemunsa ya yi kama da na bunsuru. Ko uffan. Wallahi da zai zage ni ko sau ɗaya ne a lokacin, da na yanka kaza.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Shirinbek, maƙwabcinmu, sa'ansa, ƙato mai wuya kamar turmi, ya zo gaisuwa. Ya sha shayi kofi uku, ya cinye rabin gurasa, sannan ya gyara murya ya ce kada Nazar ya sa komai a ransa game da gayya, shi zai ɗauke masa. Ya faɗa da tattausar murya, har da dafa kafaɗa. Ni kuwa na san gonarsa tana jikin tamu, na san shekara nawa yana kallon ruwanmu yana haɗiyar yawu. Na ɗauke faifan gurasar daga gabansa, na ce masa ba a yi jana'izar kowa a gidan nan ba tukuna. Ya tafi yana dariya. Amma da na kwanta na juya maganar, na san abin da ya faɗa shi za a yi. Ba mu da wani namiji.

Kwana biyu bayan nan na hango Nazarsho a bayan garke da babban gatarin Baba. Ya ɗaga da hannu ɗaya, nauyin ya rinjaye shi, bakin ya kauce wa gungumen ya caki ƙasa dab da ƙafarsa. Ya sake, haka. Ya tsaya ya zuba wa gatarin ido, ya jingine shi a bango a hankali kamar wanda yake kwantar da jariri. Na koma ɗaki da sauri don kada ya san na gani, na huce a kan tukunya.

Washegari ya shiga mota ya tafi birnin Horog bai ce da kowa ƙala ba. Da yamma ya dawo da wani abu a naɗe a jarida. Ya warware, sai ga ɗan gatari, irin na kasuwa da ake zubewa a ƙasa tare da bokitin roba da tocila, kuɗinsa bai kai na takalmin 'yarsa ba. An lafta masa fenti jawur har bakin. Bakin kuwa kauri kamar leɓen raƙumi, ko man shanu sai ya yi shawara kafin ya yanka. Ƙotar wani farin ice ne mara nauyi, an shafe ta da man ƙyalli tana santsi, ƙarfen yana rawa a kanta. Direban ya ba ni labari daga baya, wai Nazarsho ya tsuguna a gaban mai kayan kusan awa guda yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da ƙusa yana kasa kunne, sun fi arba'in, har mai kayan ya tambaye shi ko ganga ya zo saye. A cikinsu duka wannan ne ya yi ƙarar da ta gamshe shi.

Na ce masa, “Nazar, wannan na yankan albasa ne, ko na tsorata kaji?”

Ya ce, “Ƙarfen yana da kyau, Yaya. Ba a gama shi ba ne.”

Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da na ji daga bakinsa tun dawowarsa. 

Dusar ƙanƙara ta sauko, hanya ta rufe, shi kuma ya buɗe aiki a ƙarƙashin tagar rufi, inda haske yake faɗowa. Farko ya fitar da ƙotar ya jefa a murhu, ta ci wuta fuu kamar takarda. Ya tsaga wani gungume, ya cusa ƙarfen a tsagar, ya take da ƙafa, shi ne hannunsa na biyu. Ya kankare fentin da yashi da guntun bulo har baƙin ƙarfe ya fito. Sannan ya ɗauko magagarin Baba. Wayyo kaina! Sati biyu cur, ƙarr, ƙarr, ƙarr, tun daga shayin safe har rana ta faɗa bayan dutse. Ba bakin kaɗai yake ci ba, kumatun ƙarfen yake ragewa daga can baya, a hankali, yana juyawa yana hangawa da ido ɗaya. Na ɗaure kaina da ɗankwali biyu. Na ce in ya gama da gatarin ya zo ya goge mini haƙora ma, tunda duk sun mutu. Oshurmo kuwa sai ta share garin ƙarfen ta kawo masa shayi.

Ƙota daga tut ɗin Baba ya fitar da ita. Akwai wani reshe na babbar bishiyar da dusar ƙanƙara ta karya shekara biyu da suka wuce, yana ajiye a kan azara. Ni a ganina ya bushe ƙamas, shi a ganinsa da saura. Ya rataye shi a saman murhu kwana ashirin. Ya sassaƙe shi da wuƙa, ya matse shi a tsakanin gwiwoyi, ya kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul. Abin da ban taɓa gani ba shi ne yadda ya sa ta. Mu a nan daga ƙasa ake cusa ƙota, a buga mata ƙusa biyu uku a ka, a ce Allah ya kiyaye. Shi kuwa ya bar kan ƙotar da kauri, ya zura ta daga sama, jelar ta fara shiga, ƙarfen ya gangara har ya je ya cije a kaurin. Ashe hujin ɗan gatarin ya fi faɗi ta sama, abin da ya ƙara sa ya zaɓe shi ke nan. Duk saran da aka yi, ƙarfen ƙara kamawa yake. Ya buga jelar a dutse sau uku, ya kama ɗam, ba ƙusa ko ɗaya.

Sai man ƙwallon zardolu, wani ɗan itacenmu mai zaƙi, wanda na fasa ƙwallayen da hannuna na tatsa don gashin 'yan matan, na ga yana raguwa a kwalba. Na yi ta zargin yaran. Ashe gogan ne yake shafa wa ƙota, kullum sau ɗaya, ya murza da tafin hannu ya ajiye kusa da ɗumi, har icen ya ƙoshi ya daina sha, ya koma ja-ja kamar shayin da ba madara. Na yi masa tas. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini kwalbar, saura kaɗan a gindi.

Washi ya zo ƙarshe. Duwatsu uku ya tono daga bakin kogi, mai kaushi, da mai dama-dama, da wani baƙi mai laushi kamar sabulu. Wannan aikin ba ƙara, sai ɗan sautin shuu, shuu, da ɗigon ruwa. Ya ƙarasa a kan fatar tsohon takalmin Baba. Ranar da ya gama muna zaune dukanmu. Ya duba hagu ya duba dama yana neman abin gwaji, sai kawai ya sa haƙori ya zare fil ɗin nan, ya naɗe hannun rigar har gwiwar hannu. Wata huɗu ke nan ko matarsa ba ta ganin dungun da rana. Ya ɗora bakin gatarin a kai ya ja a hankali, gashi ya zubo a kan tabarma. Ƙaramar 'yarsa ta matso ta shafa wurin ta ce ya yi laushi. Ni kuwa na tashi na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Ana tsakiyar hunturu, wata rana da hantsi, muka ji ƙugi daga sama kamar dutse ya tsage. Dusar ƙanƙara ce ta zaftaro ta kan Goshi, wurin da magudana take ratsa fuskar dutse a kan indararo, ƙasa kuwa kwazazzabo ne da ba a ganin gindinsa. Rabon da Goshi ya karye shekara ashirin da shida, kuma Baba ne ya ɗinke shi a wancan karon. Nazarsho ya fita ya daɗe yana kallon wajen. Daga ranar ya tsiri wani sabon abu. Ya ɗaura igiya a ginshiƙin garke, ya naɗe ta a gwiwar hannunsa mai dungu, ya tsaya a kan dutse ɗaya da ƙyar yake ɗaukar ƙafa biyu, ya saki jikinsa baya, yana sassaƙar gungumen da ya rataye a gefe. Kullum. Ya faɗo ya fi a ƙirga. Na ce wa Oshurmo, shi ke nan, hannu ya tafi, baki ya tafi, yanzu kuma kai ya bi su. Ban haɗa wannan da wancan ba, ni da nake ganin na fi kowa wayo.

Nauruz ya wuce, Dawlatyor mai rabon ruwa, dattijon da ya riƙe aikin tun ina budurwa, ya sa ranar gayya. A garinmu jajibirin gayya aikin mata ne. Da la'asar kowace mace takan ɗauki gatarin gidanta ta kai kududdufin maniƙa, inda muke niƙa, ta tsoma kan a ruwa, ƙota a sama, ya kwana a nan don icen ya kumbura ya riƙe ƙarfen. Sai ka ga gatura a jere gwanin sha'awa. Dawlatyor ya zo ya bi su da kallo, da haka yake sanin gidan da zai fito da wanda ba zai fito ba. Tun ina 'yar shekara goma nake kai na gidanmu. Na yafa mayafi, na miƙa hannu na ɗauko ɗan gatarin daga inda yake rataye.

“Yaya, ajiye shi.”

Na ce masa ya san abin da za a ce in ba a ga namu a layi ba. Za a ce mun sallama. Matar Shirinbek za ta yi guɗa a cikinta. Na ce ubansa ma a ruwan nan nasa yake kwana, shi wane ne?

“Icen da ya sha ruwa yau, gobe da rana zai amayar da shi, ya fi jiya sakwarkwacewa. Wata uku ina fitar masa da ruwa. Ba za ki mayar mini da shi a dare ɗaya ba.”

Na faɗi maganganu a ranar da ba zan maimaita ba. Har na ce masa taurin kai bai dace da mai hannu ɗaya ba. Allah ya yafe mini wannan, don ni ban yafe wa kaina ba. Ya karɓi abinsa ya rataye. Na tafi kududdufin hannu rabbana, mata suna kallona ta wutsiyar ido. Dawlatyor ya zo ya bi layi, ya tsaya a gurbin da namu yake zama, ya ce bai ga na gidan masassaƙi ba. Na ce zai gan shi gobe, a hannun mai shi. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, alhali ni kaina ban yarda da maganar ba.

Kwana biyun farko a bakin kogi aka yi su, ana fafe gungume uku da za su maye gurbin waɗanda dusa ta tafi da su. Aikin manyan gatura ne, hannu biyu, ƙarfi da gumi. Nazarsho ya ɓare ɓawo, ya gyara gefe, ya share ciki. Shirinbek ya tambaye shi ko na wasan 'yarsa ya aro. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar sauran, masu cewa sannu Nazar, huta Nazar, kawo in ƙarasa maka. Da yammar rana ta biyu Dawlatyor ya ja ni gefe muna kwashe kwanuka. Ya ce shi ma abin yana damunsa, Baba amininsa ne, amma ɓare ɓawo ba rabon namiji ba ne, kuma in ya kau da kai a kanmu ba zai iya kallon sauran gidaje ba. Gobe in an sauko zai yanke magana. Na dawo gida na wuce ta wajen tut ɗin nan bakwai, sun fara tsattsago da toho, ba su san abin da ake ciki ba.

Rana ta uku tun da sassafe maza suka saɓi indararon suka hau, mu mata muka bi su da tukwane da gurasa. Awa uku ana hawa, rana tana duka, ga busasshiyar iskar nan ta sama da take tsage leɓe. A can kuwa ba ruwan da za a tsoma gatari, tunda rashin ruwan ne ma ya kai mu. Muka sauke kaya a ɗan filin da ke wannan gefen na Goshi, inda ake ganin komai. Kafin azahar an ɗora na farko da na ƙarshe a kan turakunsu, don su suna kusa da inda ƙafa take samun wuri. Saura na tsakiya. Aka zura shi da igiyoyi, ya je ya zauna, amma bakinsa ya ƙi shiga cikin na gabansa. Ya yi kauri da kamar yatsa biyu. Dole a rage shi a can inda yake, a kan wata 'yar gaɓa da faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba. Za a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, amma in bai riƙe igiyar da ke jikin dutse da hannu ɗaya ba, lilo zai yi ta yi a sararin Allah.

Shirinbek ya tuɓe riga. Gatarinsa na kakansa ne, tun zamanin Sobiyet, kowa a garin ya san labarinsa don ba ya bari a manta. Ya taka ya isa, jarumi ne, ba zan hana shi wannan ba. Ya riƙe igiya da hagu, ya kama gatarin a wuya, ya ɗan caccaka, bai ci komai ba. Ya zame hannu zuwa jela ya kai sara, ya kauce. Ya sake. A na uku sai muka ga wani abu ya yi ƙyal a rana ya wuce.  Sai can, can, muka ji ɗan ƙararsa daga gindin kwazazzabo. Shirinbek ya dawo da sanda a hannu, fuskarsa kamar an shafa mata toka. Maza suka shiga girgiza nasu gatura a ɓoye, kowanne yana ƙwas-ƙwas a kan ƙotarsa.

Wani ya buga wa nasa ƙarin ƙusa ya shiga. Sara biyu ya yi, nauyin ya kwashe shi, bakin indararon ya tsage tsawon yatsa. Dawlatyor ya daka masa tsawa ya fito. In tsagar nan ta gudu, an rasa gungumen, babu wani a ƙasa, kuma kafin a sare sabo a fafe a hau da shi lokacin shuka ya wuce wa gari duka. Aka tsaya ana kallon juna, rana tana karkata.

Sai Nazarsho ya miƙe daga inda yake zaune. Ya sa haƙori ya zare fil, ya naɗe hannun riga a gaban gari duka, ya je ya tsaya a gaban masu riƙe igiya.

Dawlatyor ya ce, “Ɗana, wurin nan ba na mai hannu ɗaya ba ne.”

“Baba, a wurin nan kowa mai hannu ɗaya ne. Ni dai na riga ku koya.”

Na yunƙura zan tashi, bakina cike da ihu. Ni na goye shi, ba zan zauna ina kallo ya bi gatarin Shirinbek ba. Sai na ji an damƙe mini hannu. Oshurmo ce, yatsunta kamar awartaki. Ta ce, “Yaya, bar shi. Tun hunturu yake nan wurin.” A lokacin ne igiyar garke ta faɗo mini a rai, na koma na zauna jagwab.

Ya taka gaɓar a hankali, ya naɗe igiyar dutse sau biyu a gwiwar hannunsa, ya saki jiki baya, daidai yadda na gan shi yana yi a gaban awaki ina ce masa mahaukaci. Ya zaro ɗan gatarin daga ɗamara. Bai ɗaga shi sama ba ma. Daga wuyan hannu yake sara, ƙanana, tak, tak, tak. Farko ya yanke bakin a bayan tsagar don kada ta samu hanyar gudu. Sannan ya shiga rage kaurin, ɓawon icen yana nannaɗewa yana sauka kwazazzabo siriri kamar ɓawon albasa. In ya zo wurin da sara ba zai yiwu ba, sai ya kama ƙarfen a tafin hannu ya tura shi kamar aska. Ban san tsawon lokacin ba. An ce awa guda. Ni dai na san shinkafar da aka bar mini ta kama, kuma ba wanda ya yi mini magana a kai.

Ya juya gatarin, ya buga gefen indararon da ƙeyarsa, ɗaya, biyu. A na uku gungumen ya zame ya faɗa cikin ɗan'uwansa, gwaf, ƙarar da har cikin cikina na ji ta. Ya nemi gansakuka aka miƙa masa a kan sanda, ya cusa a mahaɗar da jelar ƙota. Ya ɗaga gatarin sama. Dawlatyor ya kaɗa hula ga wanda ke tsaye a bakin ƙanƙara, aka ɗaga dutsen da ya tare ruwa. Muka jira. Sai muka ji shi tun kafin mu gan shi, yana gudu a cikin katako, ya hau na farko, ya shiga na tsakiya, ya tsallake mahaɗar ko ɗigo bai zubar ba, ya fito ta wannan gefen da kumfa da tsinkaye a kansa.

Shirinbek ne ya jawo shi da hannu biyu ya dire shi a fili. Ya karɓi ɗan gatarin, ya girgiza, ko motsi. Ya taɓa bakin da babban yatsa, ya yi saurin sa yatsan a baki. Ya ce, “Nazar, na ci amanar kakana, yana can gindin rami. In na sayo irin wannan, za ka gama mini shi?” Nazarsho ya ce zai gama, in dai ya yi alkawarin ba zai ba matarsa ta kai kududdufi ba. Maza suka fashe da dariya. Dawlatyor bai jira an sauka ba, a nan ya yanke magana. Ya ce ruwan gidan masassaƙi cikakke ne, kuma kamar yadda aka saba, gidan da ya ɗinke Goshi shi yake fara sha.

Yau shekara shida ke nan. Nazarsho bai koma Rasha ba. Daga ƙauyuka huɗu ake kawo masa gatura da lauje, jajaye na kasuwa da tsofaffi na gado, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne, wani ya karɓa, wani ya ce a mayar a yi turken jaki da shi. Kududdufin maniƙa yanzu sai 'yan tsofaffi biyu uku suke kai nasu, su ma don kada a ce sun bi yaro. Man zardolu kuwa kwalba biyu nake tatsa, ɗaya tasa, don na gaji da sata.

Amma ni ba Goshi na fi tunawa ba, washegarinsa ne. Da hantsi ruwa ya iso bakin gonarmu ya tsaya yana taruwa a bayan ɗan shingen ƙasa da ciyawa da muke toshe hanyarmu da shi. Na manta fartanya a gida, zumuɗi ya hana ni komawa. Ga ɗan gatarin nan a ajiye a kan dutse, Nazarsho ya sunkuya yana wanke fuska. Na yi wuf na ɗauka, na ɗaga zan sari shingen, ƙasa da tsakuwa da komai.

“Gulbegim! Kada ki kuskura! Ƙasa za ki sara mini da shi? Kin san kwana nawa na yi a kan bakin nan? Ke wace irin mace ce, ba kya ganin abu sai kin taɓa?”

Muryar ta daki dutse ta dawo. Har karen Shirinbek sai da ya yi haushi. Ya fizge abinsa yana duba bakin yana ta zuba, bai tsaya ba, ya tono maganar magagari, ya tono ta man zardolu, ya tono wani ƙulli da na yi masa yana ɗan shekara shida. Oshurmo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa, ni da ba a taɓa gaya mini ɗaya ban mayar da goma ba, na tsaya ina saurare kamar ana rera mini waƙa.

Na durƙusa a cikin laka na buɗe shingen da hannuwana. Ruwan ya bi ta tsakanin yatsuna, sanyi kamar zai cire su, ya miƙe ya ratsa alkama ya nufi ƙarshen gona. Muka bi shi a baya, ina kuka, shi yana faɗa, har ya isa gindin babbar bishiyar tut ya kewaye ta. Da yamma na yanka kazar.